Malam Isiyaku, Wanda Ya Tsare Mana Ƙofar Asma'u

Ranar Talata da hantsi, ina cikin aji ina rubuta wa 'yan aji huɗu lissafi a allo, wayata ta yi ƙara. Da can ba na ɗaga waya a aji, amma tun da ɗiyata Asma'u ta kwanta na watsar da wannan doka, don kowane kira sai gabana ya faɗi, in ɗauka daga gida ne. Wannan karon Mustapha ne, babban ɗan Malam Isiyaku. Ya yi sallama, sannan ya ce Baba ya yanke jiki ya faɗi a gona wajen duba masara, kafin a iso da shi gida rai ya yi halinsa, za a yi jana'iza bayan azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san sau nawa na maimaita ta ba, ina tsaye da alli a hannu, yara suna kallona.

Zan faɗi abin da ya fara zuwa zuciyata, ko da yake ina jin kunyarsa. Ban fara tuna matarsa Hajiya Rabi da ta zama gwauruwa ba, ban fara tuna 'ya'yansa ba, ban ma fara tuna shi kansa ba. Asma'u na tuna. Na ce a raina, shi ke nan, yau wa zai tsare mana ƙofa? Tsoro ya riga baƙin ciki shiga jikina, kuma har yanzu da nake wannan rubutu bai fita ba. Na rubuta ne don iyalansa da mutanen Daudawa su san dalilin abin da suka ga na yi a kwanakin nan.

Na fara sanin Malam a sakandare a Ƙanƙara, shi ne ya koya mana ilmin halittu. An haife shi a wani ƙauye na Maguzawa kusa da Pauwa, ya musulunta yana saurayi, yayansa Baba Nomau kuma ya zauna a gida yana noma, daga baya ya shiga coci. Wannan bai taɓa raba su ba. Duk kaka sai buhun gero ya zo daga Pauwa, duk salla sai Malam ya kai wa yayansa nama da kansa. A aji mutum ne mai tsanani, ba ya duka, amma kallonsa ya fi bulala. Ni ba na cikin masu ƙoƙari. Ranar da ya sa na leƙa madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa, na ce masa ban ga komai ba sai ruwa, ya dafa ƙeyata ya mayar da idona, ya ce, “Lawal, ka duba da kyau kafin ka ce babu.” Da na sake dubawa sai ga abubuwa suna yawo a cikin ɗigon ruwan rijiyar da muke sha kullum. Kwana biyu ina ƙyamar ruwa, shi kuwa yana yi mini dariya.

Daga baya ya koma karatu a Zariya, ya yi shekaru masu yawa a ɗakin binciken jini, har ya yi ritaya ya dawo nan Daudawa ya kama noma. Mun zama maƙwabta, gida huɗu tsakaninmu. Ban taɓa tambayarsa abin da ya bincika a duk shekarun nan ba, shi ma bai taɓa damun kowa da shi ba. In aka tambaye shi abin da bai sani ba, ba ya kame-kame, sai ya ce, “Ban sani ba, amma ana iya bincikawa.” Mutane da dama sun ɗauka wannan gazawa ce ga mai ilmi irin nasa.

Asma'u tana da shekara shida ciwon ya fara. Zazzaɓi ya zo ya tafi ya dawo, ta yi fari, tana kukan ƙasusuwanta, jikinta yana fitar da tabo kamar an mintsine ta. Sau uku muna yin maganin zazzaɓin sauro. Mata suka ce shawara ce, aka jiƙa sassaƙe, wasu suka ce iska ce. Wata ranar Juma'a muna dawowa daga masallaci Malam ya gan ta zaune a dakali, ba ta wasa da sauran yara. Ya tsuguna, ya ja fatar idonta ƙasa, ya duba dasashinta, ya danna ƙarƙashin haƙarƙarinta. Da ya miƙe sai ya ce in shirya gobe za mu Zariya, shi zai raka mu, kuma kada mu fita sai rana ta ɗaga, hanya ta samu mutane. Duk wanda ke zaune a yankinmu ya san 'yan bindiga ne dalilin wannan sharaɗi.

A asibiti aka ɗebi ɓargonta, muka yi kwanaki muna jira. Da takarda ta fito likita ya ce sankarar jini ce, ya yi bayani da Turanci da Hausa, ni ko kalma ɗaya ba ta zauna mini ba. Malam ya ja ni waje ƙarƙashin wata bishiya, ya juya katin asibiti, ya zana da'ira a bayansa. Ya ce jikin mutum ƙwayoyin halitta ne ƙanana, kowace tana da fata da ta kewaye ta kamar katangar gida. A jikin fatar nan ta waje akwai wasu ƙananan ma'aikata da ake kira inzayim, aikinsu yanka. Saƙonni suna yawo a cikin jini: wani na cewa ki girma, wani na cewa ki rabu biyu, wani na cewa cuta ta shigo a tashi yaƙi. Su ma'aikatan nan na bakin ƙofa su ne ke tarar saƙon. Wani su datse shi don ya fara aiki, wani su datse shi don ya yi shiru, kada ƙwaya ta yi ta girma ba tsayawa, ko fararen ƙwayoyin jini, masu kare mu daga cuta, su yi ta faɗa bayan an gama yaƙi har su cinye mai jikin. Ya ce a kan waɗannan ya ƙarar da ƙuruciyarsa da ƙarfin idonsa.

Sai ya nuna mini wasu haruffa a takardar. Ya ce akwai wani inzayim da wasu fararen ƙwayoyi ke ɗauke da shi a fatarsu tun suna jarirai a cikin ɓargo, in sun girma su yar da shi. A ɓargon Asma'u an tarar da ƙwayoyi cike maƙil, duk suna ɗauke da wannan alama ta jarirantaka. Sun ƙi girma, sun ƙi aiki, hayayyafa kawai suke yi, sun cushe wurin sun hana na kirki fitowa. Ya ce alamar nan na daga cikin abin da ya gaya wa likitoci irin sankarar da kuma maganin da ya dace, kuma irin wadda yara da yawa ke tashi daga ita ce da yardar Allah. Har na fara hamdala, ya ɗaga mini hannu. Ya ce maganin ba ya tantance mugu da nagari sosai, zai share duka biyu, za a yi watanni yarinyar nan tana yawo ba garkuwar jiki. Murar da za ta sa ni atishawar kwana uku, ita tana iya tafiya da ita.

“Ciwon yana hannun Allah da likitoci,” in ji shi. “Ni abin da nake tsoro, masu zuwa dubiya.”

Ban gane nauyin maganar ba sai da aka sallame mu muka dawo gida. Kowa ya san mu da dubiya. Wanda bai zo duba marar lafiya ba an rubuta masa laifi har tsufansa, wanda ya zo kuma sai ya shiga har ɗaki, ya zauna bakin gado, ya shafa kan yaro, ya tofa masa addu'a. Ranar farko kafin la'asar ɗakin Hauwa, matata, ya cika da mata da goyo, wannan na tari, wancan hancinsa na zuba. Ina tsaye a tsakar gida ina zufa, na san abin da aka gaya mini, amma wallahi bakina ya kasa buɗewa. Ta yaya zan ce wa gwaggona ta fita? Ta yaya zan ce wa matar liman kada ta taɓa ɗiyata?

Washegari da safe na fito na tarar da Malam a zaurena. Ya zo da kujerarsa ta roba, da buta, da sabulu, da rediyonsa. Bai nemi izinina ba. Ya zauna a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, ya miƙe ƙafa ya tare hanya. Duk wanda ya zo sai ya amsa gaisuwarsa da kyau, ya ba shi labarin jikin yarinya dalla-dalla, ya ce a yi addu'a daga nan Allah yana ji, amma ba shiga. Daga safe zuwa azahar, daga la'asar zuwa magariba, haka ya riƙa yi duk lokacin da aka ba ta magani mai ƙarfi. Gonarsa ta sha ciyawa a daminar nan.

Ya sha magana. Aka sa masa suna mai gadin Lawal. Aka ce boko ya cinye masa imani, bai yarda cuta da lafiya na Allah ba ne. Wani dattijo da ba zan ambaci sunansa ba ya ce a gaban mutane, dama me jinin Maguzawa ya sani game da zumunci. Wannan ta ƙona mini rai, domin ƙarya ce tsagwaronta, kuma wanda ya faɗe ta ya fi kowa sani. Malam ko a jikinsa, ya ƙara wa rediyonsa murya kawai. Da na ce masa ya bari haka, kada mutuncinsa ya zube saboda ni, sai ya ce ni ne zan ci gaba da zama da mutanen nan shekaru masu yawa, shi kuwa ya kusa gida, gara haushin ya tsaya a kansa. Na ɗauka zancen tsofaffi ne.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da surukata, Hajiya Ladi, kakar Asma'u ta wajen uwa, ta taso daga Sabuwa da mota cike da mata. Sun yi kasadar hanya, sun zo da fura da kaji da yara uku a baya. A lokacin baƙon dauro na yawo a can. Da na ji muryarta a waje, ni Lawal, magidanci mai gemu, sai na shige ɗakina na tura ƙofa. Ba na alfahari da wannan. Daga nan nake jin komai. Malam, da furfurarsa, ya sauka daga kujera ya tsuguna ya gaishe ta kamar ƙaninta. Ya yi mata bayani a hankali. Ta ce ita ba ta zo jin karatu ba, jikarta ta zo gani, kuma ba a haifi wanda zai hana ta ba.

“Hajiya, ki zage ni, na ɗauka,” in ji shi. “Amma in yaran nan suka shiga ɗakin nan, ina tsoron zuwanki na gaba ta'aziyya ce.”

Na ji Hauwa ta fashe da kuka a cikin gida. A ƙarshe ya yarda Hajiya ita kaɗai ta wanke hannu, ta ɗaura ƙyalle a hanci, ta tsaya ta taga. Ta tsaya ta kalli jikarta da kanta ba gashi, Asma'u ta ɗaga mata hannu. Ko ruwa ba su sha a gidana ba, suka juya. Bayan kwana uku labari ya zo cewa ɗaya daga cikin goyon da ke motar ya feso da baƙon dauro. Hajiya Ladi ba ta taɓa ba shi haƙuri ba, ba halinta ba ne, amma ta aiko masa da kwalbar man shanu ba tare da saƙo ba. Ya karɓa ya ce ya ji.

Duk wata muna zuwa a auna jininta, mu dawo da takarda, ni kuma ba na wucewa gida sai na biya wurinsa. Ya sa tabarau ya bi lambobin da yatsa. Wani watan ya ce fararen sun ɗan taso, a bar ta ta zauna a tsakar gida ta sha iska. Wani watan ya ninke takardar ya ce, wannan watan a rufe sosai. Fuskarsa nake karantawa, ba takardar ba. Takarda ta ƙarshe da ya duba mini, mako ɗaya kafin rasuwarsa, ya daɗe a kanta, ya ce fararen sun yi ƙasa fiye da yadda yake so, ga tari da mura sun cika gari da wannan damina, a rufe sosai, har ni in rage shiga taro.

Da wannan magana a kunnena na je jana'izarsa. Jama'a ta cika fili, daga Faskari, daga Mairuwa, daga Ƙanƙara, har da waɗanda suka zage shi. Na sa takunkumi, na tsaya a ƙarshen sahun baya, na bar tazara. Da aka ɗauki makara mutane suna rige-rigen sa kafaɗa, ni ban matsa ba. Mutumin da ya bar gonarsa ya zauna a zaurena, ban ɗauke shi ko taku ɗaya ba. A maƙabarta Mustapha ya miƙo mini hannu, idanunsa jajur, na dafe ƙirjina na sunkuyar da kai. Na ji wani a bayana ya ce, dubi butulu. Ban juya ba. Kwana ukun zaman makoki ban zauna ba, Hauwa ma ba ta shiga wurin Hajiya Rabi ba, tana gida tana kuka tana wanke hannu. In na dawo sai in yi wanka in sauya kaya kafin in leƙa Asma'u, in taɓa goshinta, in sake taɓawa, ina jin kamar ya yi ɗumi.

Rana ta huɗu da safe aka yi sallama a zaurena. Baba Nomau ne, yayan Malam, zai koma Pauwa. Tsoho tukuf, yana dogara sanda, da 'yar ƙwarya ta ƙwan zabi a hannu. Ya kwana uku cikin taron makoki, yana tari mai nauyi irin wanda ke fitowa daga ƙirji. Ya ce ƙaninsa ba ya zuwa gida bai yi masa zancen yarinyar nan ba, har ya ji kamar jikarsa ce, bai taɓa ganinta ba. Ya ce ba shi da sauran kowa na cikin uwarsu, yana so ya dafa kan yarinyar da ɗan'uwansa ya ƙare kwanakinsa a ƙofarta, ya sa mata albarka, sannan ya tafi. Yana magana yana matsowa wajen ƙofar cikin gida.

Na duba inda kujerar Malam ke zama, babu kowa. Na ji muryar Asma'u a ciki tana tambayar uwarta wa ya zo. Ban san lokacin da na tsinci kaina a bakin ƙofar ba, na durƙusa a gabansa, na tare hanya.

“Baba, ka yafe mini. Ba za ka shiga ba.”

Ya tsaya yana kallona. Na fara yi masa bayani, kalmomin suna sarƙewa, ban iya faɗinsu yadda Malam ke faɗi ba. Ya bari na gama.

“Ni ma?” ya ce. “Ɗan'uwan Isiyaku?”

“Kai ma, Baba.”

Ya sunkuya da ƙyar ya ajiye ƙwaryar a ƙasa. Bai zage ni ba, bai sa albarka ba. Ya juya ya fita, ina jin tarinsa da bugun sandarsa har ya sha kwana. Na daɗe a durƙushe. Sai a ranar na san abin da Malam ya riƙa haɗiyewa kullum a madadina, kuma sai a ranar na yi masa kuka sosai. Ban san ko Baba Nomau zai yafe mini ba. In ya dawo gobe da tarin nan, abin da zan sake gaya masa ke nan, kuma sanin haka ba ya rage mini zafin.

Jibi za mu koma awon jini. Zan karɓi takarda in riƙe ta, in bi lambobin da yatsa, in tambayi likita har sai ya gaji da ni. Saura watanni masu yawa a gama magani, kuma ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba.

Ya Allah, bawanka Isiyaku ya zo gare Ka. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ka yalwata masa makwanci, Ka haskaka shi, Ka sa zagin da ya sha a zaurena ya zama nauyi a mizaninsa na alheri, Ka buɗe masa ƙofar Aljanna ba tare da an tsayar da shi ba. Ka ba Hajiya Rabi haƙuri da juriyar takaba, Ka rufa wa Mustapha da ƙannensa asiri, Ka haɗa kansu. Ka sanyaya zuciyar Baba Nomau, Ka ba shi lafiya, Ka sa ya fahimce ni ko bayan lokaci ne. Kuma ya Ubangiji, cikin waɗanda bawan nan naKa ya bari akwai wata 'yar yarinya da ba jininsa ba ce, tana kwance a ɗakin uwarta ba ta da garkuwa sai taKa. Ka tsare ta, Ka bar mana ita. Amin.